Masu Magana da Masu Saurare: Tarihin Zaman Tare a Gajeren Zango

Tun farkon ƙarni na ashirin ake da rukuni biyu na mutanen da suka riƙi rediyo don sha'awa, ba don neman abinci ba. Na farko su ne 'yan rediyon sha'awa: mutum ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, ya kafa eriya a gidansa yana hira da takwarorinsa na wasu ƙasashe. Na biyu su ne masu sauraren gajeren zango, waɗanda ba su da iznin aika ko da kalma ɗaya. Jarinsu akwati ne da kunne da littafin da suke rubuta abin da suka ji, da ƙarfe nawa, a kan wace mita.

'Yan sha'awa ne suka fara buɗe wannan fili, kuma korarsu aka yi zuwa cikinsa. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, Amurka ta kafa dokar da ta tilasta musu yankar lasisi, ta kuma hana su amfani da zangon da ya wuce mita 200 a tsawo. A lokacin masana na ganin dogon zango ne kaɗai ke cin nisa, don haka abin da aka bar musu tamkar juji ne. Ashe gajeren zango yana tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki, ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. A Disamban 1921 ƙungiyar 'yan sha'awa ta Amurka, ARRL, ta tura Paul Godley zuwa Ardrossan a Sukotilan. Ya kafa tanti a fili cikin sanyi da ruwan sama, ya kama tashoshin Amurka fiye da ashirin. Abin lura shi ne wannan babbar nasara ta farko aikin saurare ce zalla, domin Godley bai mayar da amsa ta akwatinsa ba. Sai a Nuwamban 1923 aka yi magana ta ɓangare biyu, tsakanin Léon Deloy a birnin Nice na Faransa da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka. Shekara ɗaya bayan haka wani matashi a Landan, Cecil Goyder, ya yi musayar saƙo da Frank Bell a Niyuzilan.

Da gwamnatoci da kamfanoni suka ga haka, sai suka yi ca a kan gajeren zango. Kamfanin Philips ya fara watsa shiri daga Eindhoven zuwa yankunan mulkin Holan a Asiya a 1927, Rediyon Mosko ya soma a 1929, na Vatican a 1931, BBC kuma ta buɗe sashenta na ƙasashen daular Birtaniya ranar 19 ga Disamba 1932. Daga nan mai saurare ya zama jinsi mai zaman kansa. Wani labarai da kiɗa yake nema, wani kuwa bai damu da abin da tashar ke faɗi ba, burinsa kawai ya kamo murya mai rauni daga tsibirin da ba a cika ji ba.

Abin da ya fi ɗaure rukunin biyu shi ne katin QSL, wato katin shaidar cewa an ji tasha. Al'adar 'yan sha'awa ce su aika wa juna kati bayan kowace hira, masu saurare kuma suka ara. Mai saurare zai rubuta rana da lokaci da mita, ya kawo bayanin abin da aka faɗa don a tabbatar ba ƙarya yake ba, sannan ya auna ingancin ji da ma'aunin SINPO, wanda ke ba da maki daga 1 zuwa 5 kan ƙarfin sigina da katsalandan da hayaniya da dusashewar murya da kuma jimlar yadda aka ji. A lokacin manyan tashoshi suna maraba da irin wannan rahoto, domin injiniya a Landan ba shi da wata hanya mai arha ta sanin ko muryarsa na isa Kano ko Kalkata. A wajen ɗan sha'awa kuwa abin ya sha bamban. Wanda ya gama hira da mutumin Burazil ya riga ya san an ji shi, ga kuɗin kan sarki daga aljihunsa zai fita. Saboda haka katunan masu saurare da yawa ba a amsa su, kuma wannan ne tushen tsohon ƙorafin cewa masu lasisi na kallon mai saurare a matsayin wanda bai kammala ba.

Ƙorafin yana da kamshin gaskiya, amma tarihi ya nuna daga saurare masu lasisi da yawa suka taso. Ƙungiyar 'yan sha'awa ta Birtaniya, RSGB, ta kasance tana ba mambobinta masu saurare lambar rajista mai farawa da BRS. A Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta mai saurare yana da lambarsa ta musamman, kuma saurare shi ne matakin da aka saba bi kafin a kai ga iznin aikawa. Ta haka ake koyon alamomin Morse, a gane lokacin da kowace mita ke buɗewa, a san cewa gajerun mitoci sun fi aiki da rana, masu ɗan tsawo kuma da dare. A yaƙin duniya na biyu ma aka rufe tashoshin 'yan sha'awa a Birtaniya, gwamnati ta ɗauki fiye da dubu daga cikinsu su zauna a gidajensu suna rubuta saƙonnin Morse na 'yan leƙen asirin Jamus. Abin da suka rubuta yana cikin kayan da masu warware sirri na Bletchley Park suka yi aiki da su.

Bayan yaƙi hanyoyin suka ƙara rabuwa. Masu saurare suka samu littafinsu na jadawalin tashoshin duniya, wanda aka fara bugawa a Denmak a 1947, da shirin da Arne Skoog ya fara musu a Rediyon Suwidin a 1948. 'Yan sha'awa kuma, daga shekarun 1950 zuwa 1960, suka koma salon aika murya na SSB, mai cin ƙaramin fili da isa nesa. Akwatin gida na yau da kullum ba ya fassara shi. Wanda ya murɗa ya faɗa kan irin wannan hira sai ya ji kamar kukan agwagwa. Ƙofar da yara da yawa ke shiga ta nan ta tsuke.

Rikici mafi daɗewa a kan yankin megahaz 7 aka yi, wanda 'yan sha'awa ke kira mita 40, tashoshin watsa labarai kuma mita 41. Taron Alƙahira na 1938 ya buɗe wa tashoshi wani ɓangarensa a wajen nahiyar Amurka, aka ƙara musu daga baya. Mai wat 100 a ɗakinsa ba shi da ta cewa idan tasha mai kilowat 500 ta sauka a kansa, alhali wannan tashar ce abin marmarin mai saurare. Sai a taron Geneva na 2003 aka yanke cewa tashoshi su bar tsakanin kilohaz 7100 da 7200, aka aiwatar a Maris 2009. Akwai lokutan da rukunin biyu suka haɗa kai, kamar a Oktoban 1957 da kowa ya kasa kunne wajen megahaz 20 don jin ƙarar tauraron Sputnik, da kuma daga 1976 da wata na'urar hangen makamai ta Sobiyet ta riƙa ƙwanƙwasa mitoci ba ta ware kowa ba.

A ƙasar Hausa ɓangare ɗaya ne ya yi ƙarfi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, suka tara miliyoyin masu saurare da ƙungiyoyinsu da wasiƙunsu. Masu lasisi a ƙarƙashin lambar kira ta 5N ta Nijeriya da 5U ta Nijar kuwa 'yan ƙalilan ne, har masu farautar tashoshi a Turai na ɗokin kama su.

Daga 2001, da BBC ta daina aika gajeren zango zuwa Arewacin Amurka da Ostireliya, tashoshi suka yi ta janyewa: na Holan da Kanada a 2012, na Ostireliya a 2017. Masu saurare da dama suka juya ga mitocin 'yan sha'awa. A 2008 'yan sha'awa na Jami'ar Twente a Holan suka sa akwatinsu a intanet don kowa ya murɗa daga inda yake. A tsarin WSPR na Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel a 1993, kwamfutar mai saurare ce ke kama sigina ta tura rahoto da kanta zuwa taswirar duniya, kuma tsarin bai buƙatar mai kamawa ya mallaki iznin aikawa.