Mamayar Sifaniyawa a Daular Inca

Mamayar Sifaniyawa a Daular Inca jerin yaƙe-yaƙe ne da suka faro a shekarar 1532, lokacin da Francisco Pizarro ya kama sarkin Inca Atahualpa a garin Cajamarca, suka ƙare a 1572 da kisan Tupac Amaru, sarkinsu na ƙarshe. A cikin waɗannan shekaru 40 daula mafi girma a Kudancin Amurka ta faɗa hannun Sifaniya, aka mai da ita yankin mulkin mallaka na Peru.

Daular kafin zuwan Turawa

Mutanen Inca suna kiran ƙasarsu Tawantinsuyu, wato yankuna huɗu da ke haɗe, hedikwatarta kuma birnin Cusco. Ta miƙe tare da duwatsun Andes tun daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Chile, ta haɗa da Peru da Ekwado da Bolibiya da wani sashe na Ajantina. Harshen mulki shi ne Quechua. Suna da hanyoyi da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 40,000, da rumbunan hatsi na gwamnati, kuma suna ajiye lissafi da igiyoyi masu ƙulli da ake kira khipu. Ba su san doki ba, ba su kuma ƙera baƙin ƙarfe. Yawancin ƙasar an ci ta da yaƙi ne cikin ƙasa da shekara 100, don haka ƙabilu da dama suna zaune a ƙarƙashin Inca ba da son ransu ba.

Wajen 1527 sarki Huayna Capac ya mutu da wata annoba, wadda masana da yawa ke ganin agana ce da ta riga Turawan isowa. Ɗan da ya zaɓa ya gaje shi ma ya mutu a lokacin. Sai rigimar gado ta ɓarke tsakanin 'ya'yansa biyu, Huascar a Cusco da Atahualpa da ke tare da rundunar arewa a Quito. A 1532 jarumawan Atahualpa, Quizquiz da Chalcuchima, suka kama Huascar. Atahualpa yana kan hanyarsa ta zuwa Cusco ne labarin baƙi masu gemu ya iske shi.

Cajamarca

Pizarro da abokin cinikinsa Diego de Almagro sun yi tafiya biyu daga Panama zuwa gaɓar kudu tsakanin 1524 da 1528. A 1529 fadar Sifaniya ta ba Pizarro takardar izinin cin ƙasar tare da sarautar gwamna, Almagro kuwa ya sami ɗan ƙaramin muƙami, abin da ya zama tushen gabarsu daga baya. Pizarro ya isa Cajamarca ranar 15 ga Nuwamba 1532 da mutum 168, 62 daga cikinsu mahaya dawaki. Rundunar Atahualpa, wadda aka ƙiyasta da mutum 80,000, tana sansani a bayan gari.

Washegari sarkin ya shiga dandalin garin a kan karagar da ake ɗauka a kafaɗa, tare da dubban fadawa, akasarinsu ba makami. Sifaniyawa suna ɓoye cikin gine-ginen da ke kewaye da dandalin. Wani limamin Kirista, Vicente de Valverde, ya fito da tafinta ya nemi sarkin ya karɓi addinin Kirista ya kuma yi mubaya'a ga sarkin Sifaniya, ya miƙa masa littafi. Atahualpa ya duba ya jefar da shi ƙasa. Nan take aka harba igwa, mahaya suka fito a guje. Su kansu Sifaniyawan da suka rubuta labarin sun ce an kashe mutum kusan 2,000, wasu marubuta sun kai adadin 7,000. Ba a kashe sojan Sifaniya ko ɗaya ba. Ana kiran abin Yaƙin Cajamarca, amma kwanton ɓauna ne aka yi wa mutanen da ba su zo da shirin faɗa ba.

Fansa da kisan Atahualpa

Da Atahualpa ya lura da kwaɗayin masu tsare shi, sai ya yi alkawarin cika wani ɗaki, mai tsawon kusan mita 7 da faɗin mita 5, da zinariya har inda hannunsa ya kai, sannan da azurfa sau biyu. Wata da watanni ana kwaso kaya daga wuraren bauta da fadoji. Aka narke su, aka sami kimanin tan 6 na zinariya da tan 12 na azurfa, aka fitar da kashi ɗaya cikin biyar na sarkin Sifaniya, aka raba saura. Yana tsare ɗin ne ya aika aka kashe Huascar, don kada Turawan su naɗa shi a madadinsa.

Duk da biyan fansar, ba a sake shi ba. Aka zarge shi da tara runduna a asirce, zargin da 'yan leƙen asirin Sifaniyawa suka gano ƙarya ne bayan an riga an kashe shi. An yanke masa hukuncin ƙonewa, amma da ya yarda aka yi masa baftisma sai aka shaƙe shi ranar 26 ga Yuli 1533.

Tawayen Manco Inca

Sifaniyawa sun shiga Cusco a watan Nuwamba 1533, suka naɗa Manco Inca, wani ɗan Huayna Capac, ya zama sarki a ƙarƙashinsu. A Janairun 1535 Pizarro ya kafa birnin Lima a bakin teku. 'Yan'uwansa da ya bari a Cusco suka riƙa wulaƙanta Manco, har suka sa shi a mari. A 1536 ya sulale, ya tara dubban mayaƙa ya yi wa Cusco ƙawanya kusan wata goma. Suka riƙa jifa da duwatsu masu zafi a majajjawa har rufin ciyawar birnin ya kama wuta. Juan Pizarro ya mutu a yaƙin ƙwato ganuwar Sacsayhuaman. Manco ya ci Sifaniyawa a Ollantaytambo a farkon 1537, amma bai iya karɓe Cusco ba, sai ya ja da baya zuwa dajin Vilcabamba ya kafa ƙaramar daula.

Su ma masu mamayar suka juya wa juna. 'Yan Pizarro sun ci Almagro a Las Salinas a 1538 suka kashe shi, magoya bayan ɗansa kuma suka kashe Francisco Pizarro a gidansa da ke Lima ranar 26 ga Yuni 1541. Wasu daga cikin mutanen Almagro suka gudu wurin Manco, ya ba su mafaka, su ne kuma suka hallaka shi a 1544. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi: Sayri Tupac, Titu Cusi Yupanqui, sai Tupac Amaru. A 1572 wakilin sarkin Sifaniya Francisco de Toledo ya tura runduna ta ci Vilcabamba, aka fille kan Tupac Amaru a dandalin Cusco a watan Satumba.

Dalilan faɗuwar daular

Bindigogin zamanin ba su da yawa kuma suna da jinkirin ɗuri. Abin da ya fi tasiri shi ne takobin ƙarfe da sulke da doki, a gaban mutanen da makamansu kulake ne da māsu da majajjawa, kariyarsu kuma rigar auduga. Amma makami kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba. Ƙabilun Cañari da Huanca da Chachapoya, da ɓangaren Huascar, sun mara wa Sifaniyawa baya da dubban mayaƙa da 'yan dako da abinci, kuma rahotannin Sifaniyawa sun rage ambaton wannan gudummawa. Ga shi kuma dukkan iko yana hannun sarki, wanda ake ɗauka ɗan Rana ne, shi ya sa kama shi ya ɗaure hannun jarumawansa.

Abin da ya biyo baya

Agana da ƙyanda da sauran cututtuka, tare da yaƙi da aikin tilas, sun rage yawan jama'ar Andes ƙwarai. An raba ƙauyuka ga Sifaniyawa suna karɓar haraji da aikin ƙarfi. Bayan gano azurfa a Potosi a 1545, Toledo ya ɗauki tsohon tsarin aikin karɓa-karɓa na Inca, mita, ya mai da shi hanyar tilasta wa mutane shiga ramukan haƙar azurfa da na zaiba a Huancavelica. An gina cocin Santo Domingo a kan harsashin Coricancha, babban ɗakin bautar Rana a Cusco. Harshen Quechua bai mutu ba, miliyoyin mutane na magana da shi yau a Peru da Bolibiya da Ekwado. Jagoran babban tawayen 1780 ya ɗauki sunan Tupac Amaru na Biyu, yana mai cewa shi daga zuriyar sarkin ƙarshe yake.