Daga Ƙahon Wanzami zuwa Ma'aunin Lantarki

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa lafiya a cikin jini take. Wanzami in ya yi ƙaho yakan dubi abin da ya fito, in ya gan shi baƙi ya ce mataccen jini ne. Amma awonsa na ido ne, ido kuwa ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Mudun lantarki ya samu ne a ƙarni na 20. Cikin 1922 Jaroslav Heyrovsky, wani masani a birnin Prague, ya nuna cewa lantarkin da ke ratsa ruwa yana iya tona irin sinadarin da ya narke ciki, da kuma yawansa. A 1956 Leland Clark na Amurka ya lulluɓe kan wayar awo da fata mai shara-shara, har ta iya shiga jini ta auna iskar oksijin. A 1962 ya ɗora awon sukari bisa wannan dabara, sa'an nan a 1999 Amurka ta amince da ma'aunin sukari da ake sokawa ƙarƙashin fata.

To, ina ruwanmu da wannan? Amsa tana Zamfara, maƙwabciyar Jibiya ta yamma. A 2010 yara suka yi ta farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. Awon jini ne ya raba gardama: gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Likitocin MSF sun yi aiki da LeadCare II, ɗan akwatin da ke auna dalma da lantarki cikin minti 3. Iyakar awonsa maikurogiram 65 cikin desilita, amma jinin yara da yawa ya zarce haka, sai an sirka shi kafin a karanta. Yara kimanin 400 suka rasu.

Abin lura shi ne, ilmin ya shekara fiye da 80 a duniya, amma bai isa Dareta ba sai bayan an cika maƙabarta. Saboda haka mai tsara kasafin asibitin ƙauye ko na garin kan iyaka kamar Jibiya ya tuna: cutar da ba a auna ba, da sunan wata ake binne mai ita.