Yadda shafin intanet yake hawa sama a sakamakon bincike

Ƙungiyar manoma, ko ta mata, ko ɗan kasuwa, suna iya buɗe shafi a intanet domin tallata hajarsu. Amma shafin da mai nema bai gani ba, tamkar rumfa ce a bayan kasuwa. Akasarin masu bincike suna duba sunayen farko ne kawai. Aikin gyara shafi domin ya hau sama ba tare da biyan kuɗin talla ba, shi ne masana suke taƙaitawa da haruffa uku: SEO.

Mi ne ne injin bincike?

Injin bincike manhaja ce wadda mutum yake rubuta ma tambaya, ta kawo mashi jerin shafuna. Mafi shahara shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a shekarar 1998. Akwai kuma Bing na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2009.

Sakamakon bincike iri biyu ne. Akwai na talla, wanda ake biya, kuma ana sa mashi alamar cewa talla ne. Akwai na asali, wanda injin yake zaɓa da kansa. Ba a sayen matsayi a cikin sakamako na asali.

Yaya injin yake aiki?

Aikin yana da matakai 3:

1. Yawo: wata manhaja mai suna Googlebot tana bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi, tana karanta abin da ke ciki.
2. Ajiya: abin da ta karanta ana zuba shi cikin wani babban rumbu na bayanai.
3. Jerantawa: idan an yi tambaya, injin yana tsamo shafunan da suka dace daga rumbun, ya jera su.

Saboda haka, shafin da bai shiga rumbun ba, ba zai fito a sakamako ba sam.

Abubuwan da ya kamata a yi

A yi amfani da kalmomin masu nema. Mai neman albasa zai rubuta "albasar Galmi" ko "farashin albasa". To, waɗannan kalmomi su kasance cikin kanun shafi da sakin layi na farko. Idan gari yana da suna biyu, kamar Damagaram da Zinder, ko Tawa da Tahoua, a ambaci duka biyun.

A ba kowane shafi kanu nasa, gajere kuma bayyananne. Shi ne mai bincike yake fara gani.

A rubuta bayani na gaskiya mai amfani: irin hajar, yawanta, lokacin da ake samun ta, wurin da ake, da hanyar tuntuɓa. Idan farashi ya canza, a gyara.

A kula da salula. Tun 2015 Google yake fifita shafunan da ke karantuwa da kyau a salula, kuma a 2023 ya sanar cewa ya kammala komawa ga duba shafuna ta fuskar salula. A rage nauyin hotuna, domin shafi ya buɗe ko da rezo ba ya da ƙarfi. Kowane hoto a rubuta mashi ɗan bayani.

A tsare shafi. Adireshinsa ya fara da https. Tun 2014 Google yake la'akari da wannan.

A nemi mahaɗai na kirki. Tun farko, dabarar PageRank ta Google tana ɗaukar mahaɗi daga wani shafi tamkar shaida. Idan gidan rediyo, ko jarida, ko abokin hulɗa ya nuna shafinku, darajarsa tana ƙaruwa. Shaidar shafi guda mai mutunci ta fi tarin shaidun banza.

A yi rajista a Google Search Console. Kyauta ne. Yana nuna shafunan da suka shiga rumbu, da kalmomin da suka kawo baƙi.

Abubuwan da ya kamata a guje ma

Kada a cika shafi da maimaita kalma guda. Kada a kwafi rubutun wasu. Kada a sayi mahaɗai. Google ya fito da gyara mai suna Panda a 2011 domin rage darajar shafuna marasa inganci, da Penguin a 2012 domin yaƙi da mahaɗan bogi. Shafin da aka kama yana iya faɗuwa ƙasa, ko a cire shi daga sakamako.

Hattara da masu alkawari

Wani zai zo ya ce: "Ku biya ni, in kai ku matsayi na ɗaya cikin mako guda." Google da kansa ya bayyana cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Kafin a ɗauki ma'aikaci, a tambaye shi abin da zai yi dalla-dalla, a rubuta yarjejeniya, kuma sunan shafi da kalmomin sirri su tsaya a hannun ƙungiya.

Wannan aiki yana son haƙuri, domin amfaninsa yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana. A naɗa mutum guda wanda zai riƙa duba shafin kowane wata, yana sabunta bayanai.