Sabon Tafinta a Tsohuwar Kwamfuta: Sana'ar da Rashi Ya Haifa a Kaduna

A shekarar 1973 aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kaduna, wadda mutanen gari suka fi sani da FGC Malali. A shekarar ce kuma, can a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, Dennis Ritchie da Ken Thompson suka sake rubuta babbar manhajar Unix da sabon yaren kwamfuta mai suna C. A lokacin ba wanda zai ce akwai abin da ya haɗa biyun. Sai bayan kusan shekara 30 hanyarsu ta gamu, sa'ad da samarin Malali da Unguwar Rimi da Badarawa masu sha'awar gina shafin intanet suka tarar cewa kafin su rubuta layi ɗaya na kansu, sai sun fara shawo kan dubban layukan C da wasu suka rubuta.

Malali unguwar ma'aikata ce da 'yan boko: ga rukunin gidajen Low Cost, ga matatar da ke jawo ruwa daga Kogin Kaduna, ga makarantu. Kwamfuta ta shigo irin waɗannan unguwanni ne ta ƙofar shagunan buga takardu a shekarun 1990, daga baya shagunan intanet, wato kafe, suka biyo sahu. Kafin zuwan wayar salula a watan Agustan 2001, layukan NITEL da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Mai kafe ko dai ya jingina da layin tarho mai yawan katsewa, ko ya kafa faranti na tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada, sannan ya raba wa kwamfutoci goma ko ashirin abin da bai ishi guda biyu ba.

Su kansu kwamfutocin ba sababbi ba ne. Na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, aka loda a kwantena zuwa Legas, daga kasuwar Alaba da ta Ikeja kuma suka hauro Arewa. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na irin waɗannan kaya ke sauka Legas duk wata, kuma abin da ya kai kashi uku cikin huɗu tarkace ne da ba ya gyaruwa. Ragowar da ke tashi su ne jarin mai kafe: Pentium II da Pentium III, ɗauke da Windows 98 ko Windows 2000, mai sa'a kuma XP.

A kan irin waɗannan ne ɗalibin Kadpoly, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ya zo hutu daga Zariya, yake son koyon Perl ko Python ko PHP. Waɗannan yaruka uku, da Larry Wall ya fitar a 1987, Guido van Rossum a 1991, Rasmus Lerdorf kuma a 1995, halinsu ɗaya: abin da mutum ya rubuta da su kwamfuta ba ta fahimtarsa kai tsaye, sai an sami wata manhaja a tsakani da za ta riƙa karantawa tana aiwatarwa nan take. Ita ce tafinta. Shi kuwa tafintan da yaren C aka rubuta shi. Idan an yi dace wani ya riga ya harhaɗa shi daidai da irin babbar manhajar da ke kan kwamfutar, shi ke nan, sai a ɗora. Idan ba a yi dace ba, sai mutum ya nemo ɗanyen rubutun ya harhaɗa da kansa.

Nemo rubutun ma aiki ne. Ƙunshin Python na tsakiyar shekarun 2000 ya kai megabait goma. A layin tarho sai ya ci fiye da rabin awa, in layin bai yanke ba, kuma faifan fulofi bakwai ko takwas ake buƙata kafin a kwashe shi. Shi ya sa masu wannan harka suka zama 'yan kwanan kafe, don da dare kuɗin ya fi sauƙi kuma layin ya fi sakewa. Faifan CD kuwa ya zama abin aro da roƙo. Kamfanin Canonical ya yi shekaru yana aika faifan Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux, kyauta ta gidan waya zuwa duk inda aka nema a duniya, har zuwa 2011 da ya daina, kuma faifai ɗaya kan zaga hannu da yawa kafin ya karce.

A kan Linux, aikin mataki uku ne, kuma har yau ba su sauya ba. Da farko a buga configure. Wannan ɗan rubutu yana bincika kwamfutar lungu-lungu: wace manhajar harhaɗawa ce a ciki, wane zubi ne na GCC, akwai kayan haɗi irin su zlib da OpenSSL ko babu. Sai a buga make, manhajar da Stuart Feldman ya ƙirƙira a 1976, ita ce ke bin fayilolin C ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su abin da na'ura ke ganewa. A ƙarshe make install ya ajiye kowane abu a mazauninsa. A takarda kamar wasa. A zahiri kuwa, tsohon faifan Linux na Red Hat ba lallai ya zo da kayan haɗin da sabon PHP ke nema ba. In an je nemo na farko, shi ma sai ya ce yana jiran na biyu, na biyu kuma ya ce GCC ɗin ya tsufa.

Sai kuma matsalolin da marubutan littattafan koyarwa a Turai ba su cika kawowa a ransu ba. Tsohuwar kwamfuta sau da yawa ɗan batirin agogonta ya mutu, da an kashe ta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Ita kuwa make da lokacin da ke jikin fayil take gane abin da aka riga aka harhaɗa da abin da ya saura, don haka agogon ƙarya kan rikita ta, wani configure ɗin ma tsayawa yake cak ya ce a je a duba agogo. Ga NEPA, wadda aka sauya wa suna zuwa PHCN a 2005 amma ba a sauya mata hali ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, make na iya ɗorawa daga inda ta tsaya, wanda ba ƙaramar rahama ba ce. Amma in fayil ya rubutu rabi, sai a share komai a koma farko.

Gaskiya dai yawancin kwamfutocin Kaduna Windows ke kansu, kuma a can harhaɗawa ta fi wuya, domin Windows ba ya zuwa da manhajar yin hakan. PHP ya daɗe ana gina shi da Visual C++ 6 na shekarar 1998, Python 2.7 kuma da Visual Studio 2008, duk wanda ya cakuɗa zubi biyu sai ya ga abin ya ƙi tashi ba tare da wani gamsasshen bayani ba. Don haka mafi yawa suka rungumi XAMPP da WampServer, waɗanda suka ƙulle Apache da PHP da MySQL a ƙunshi ɗaya. Duk da haka saiti bai ƙare ba. Sai an buɗe php.ini an cire alamar da ke rufe wani layi, sai an gano cewa Skype ne ya tare ƙofa ta 80 shi ya sa Apache ya ƙi tashi. Wanda ya iya waɗannan shi ake kira injiniya a layinsu, ko da bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba. Aikinsa bai da maraba da na maƙeran Panteka, masu duban abin da wani ya yar su ga abin da zai iya zama.

Akwai wani saiti guda da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a tsohon tsarin haruffan da Windows da MySQL suka saba zuwa da shi na Yammacin Turai. A tsarin UTF-8 suna nan, amma kowannensu gurbi biyu yake ci. Idan aka harhaɗa PHP ba tare da an kunna sashen mbstring ba, aka ce ya ƙirga haruffan “ƙasa” da umarninsa na yau da kullum, biyar zai ce. In aka ce ya mayar da kalmar manyan baƙaƙe, sai ya bar ƙ yadda take. Sai a zubi na 5.6, a 2014, PHP ya mayar da UTF-8 tsarinsa na asali. Wannan matsala ta haruffa na cikin dalilan da suka sa tsofaffin shafukan Hausa da yawa suka cika da alamun tambaya da ƙananan akwatuna, wasu marubutan kuma suka haƙura da lanƙwasar baki ɗaya.

Abin da ya riƙa ciyar da sana'ar gaba shi ne jadawalin yaye da ake tsarawa a wata duniya. Python 2.5 ne na ƙarshe da ya yarda da Windows 98. PHP 5.5 ya juya wa XP baya a 2013, Microsoft ta daina kula da XP ɗin ranar 8 ga Afrilun 2014, Python 3.4 ne kuma na ƙarshe da ke hawa kansa. Windows 7 ya bi sahu a Janairun 2020, Python 3.9 ya ƙi shi a shekarar. Ba za a ga laifin masu gina yarukan ba, yawancinsu 'yan sa-kai ne, ba za su iya goyon kowace tsohuwar manhaja har abada ba. Amma lissafin nasu na mutumin da ke sauya kwamfuta duk bayan 'yan shekaru ne, alhali a nan lokacin da ake yaye na'ura a can shi ne lokacin da take isowa kasuwa.

Daga 2010, da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, intanet ya fara araha, wayar hannu kuma ta kwashe wa kafe kwastomomi. Waɗanda suka tsira sun koma rajistar jarrabawa da cike fom, musamman bayan JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla a 2015. Matasan da suka taso bayan nan sun sami cibiyoyi irin su CoLab, da aka buɗe a Barnawa a 2016, inda umarni ɗaya ke sauko da Python cikin daƙiƙu.

Sana'ar dai ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Duk ma'aikatar da ke riƙe da tsohuwar uwar garke mai CentOS 7, wanda aka daina kula da shi a ƙarshen Yunin 2024, tana nan inda 'yan kafe suke a da. Python 3.10 yana neman OpenSSL 1.1.1, shi kuwa CentOS 7 da 1.0.2 ya zo, don haka sai an harhaɗa sabon OpenSSL ɗin tukuna a nuna wa configure inda yake. Kuma wanda ya yi gangancin danne tsohon Python ɗin da ke ciki, ya karya yum, manhajar da ake ɗora komai da ita. Ƙwararru make altinstall suke bugawa, sabo ya zauna gefen tsoho.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 ce Microsoft ta sa wa Windows 10 a matsayin ranar yaye, Windows 11 kuma ba ya karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017. Ofisoshin da suka cika kwantenonin 2005 za su sake cika wasu. Makarantun Malali da ke koyar da kwamfuta za su yi wa ɗalibansu gata in suka ware ko da mako biyu a zango, suka ajiye musu tsohuwar na'ura da ɗanyen rubutun Python, suka ce su tayar da shi da hannunsu.