Dillali tsakanin ruwa da mai

Ƴan uwa ɗalibai, a shimi akwai tsohuwar matsala: sinadari ɗaya ya narke cikin ruwa, ɗayan cikin mai, ga su kwalba guda amma ba su gamuwa. A da, sai an nemi ruwan narkarwa mai tsada, wani ma da guba.

Gishirin amoniyom mai rassa huɗu ne ya raba gardama. Kansa mai caji yana kama iyon daga ruwa, rassansa na karbon kuwa mai suke so. Sai ya tsallaka da kaya, ya sauke, ya koma ɗauko wani. Kaɗan ya isa, tun da aikin ba ya cinye shi.

Hofmann, Bajamushe, ya harhaɗa irin gishirin nan a 1851. Makosza ya sa shi wannan dillanci a Warso, ƙasar Polan, tun 1965. Starks, ma'aikacin kamfanin man Conoco a Amurka, ya raɗa wa dabarar suna a 1971, sunansa kuwa ya fi yawo. Ni dai, in za mu ba da tarihin nan, kar mu tsallake Makosza.