Harsunan da suka mutu a Auyo da Teshena, da waɗanda ke jiran layi

A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, tsarin da gwamnatin Buhari ta amince da shi a 2022 lokacin Adamu Adamu na minista. Jam'iyya ɗaya ce, APC, ta kafa kuma ta rushe cikin shekara uku. Hausawa da yawa sun fusata, kuma suna da hujja. Sai dai tarihin ƙasar Jigawa na nuna cewa ko a lokacin da tsarin ke kan takarda, ƙananan harsuna ba su taɓa cin moriyarsa ba.

Kafin Hausa ta mamaye gabashin wannan yanki, mutanen Auyo da na Teshena, da na Shira a Bauchi, suna da harsunansu, dangin Badanci da Ngizim. Tarihin baka na cewa 'yan'uwa uku ne daga Bagarmi suka kafa garuruwan. Bayan jihadi Auyo ta koma ƙarƙashin Haɗeja, Shira ƙarƙashin Katagum, sai kasuwa da auratayya da fada suka riƙa jan mutane zuwa Hausa har harsunan suka ɓace. Abin da ya rage shi ne 'yan jerin kalmomi da masana irin su Russell Schuh suka bi diddigi. Mai kare gwamnati zai ce ai wannan mutuwa ta riga kowace jam'iyya, babu ministan da ya kashe Auyakanci. Gaskiya ne. Amma darasin Auyo shi ne harshe na mutuwa ba tare da an hana shi ba, muddin yaro bai ga amfaninsa a wajen gida ba. Gwamnatin da ta san haka ta kuma naɗe hannu ba za ta ce ba ruwanta ba.

Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallinsa. Wannan “ko” ɗin ya zama mafaka. A Jigawa harshen muhalli kullum Hausa ce, don haka ɗan Warjawan Birnin Kudu, da Bamange na Birniwa, da ɗan Fulani a ruga, duk an sallame su da littafin Hausa, in ma an samu littafin. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 aka ajiye hedikwata a Dutse, gwamnatoci sun sha canzawa, amma horar da malaman waɗannan harsuna da buga musu littattafai bai taɓa zama abin yaƙin neman zaɓe ba.

Akwai masu cewa kuɗi ne matsalar, kuma Turanci ke ba yaro aiki. To amma Kanada ba ta rasa kuɗi ba, ga shi yankin Nunavut ya yi dokar kare harshen Inuit a 2008, sannan a 2020 majalisarsa ta ɗage cikar koyar da shi zuwa 2039 saboda ƙarancin malamai, har ƙungiyar Inuit ta kai ƙara kotu. Can ma doka aka fara yi kafin a tanadi malami. Bambancin kawai, su sun ɗage wa'adi, namu kuwa sun soke alƙawarin gaba ɗaya, alhali Warjanci da harshen Duwai na nan da masu jin su a raye.