Wa ke naɗa sarki? Darasi daga Maradi da Tasawa

Yaranmu da yawa a Korgom da kewaye sun ɗauka idan sarki ya rasu babban ɗansa ke hawa gado. Ina ganin laifinmu ne, malamai da iyaye, domin jerin sunayen sarakuna muke sa su haddace, ba ma gaya musu yadda ake zaɓensu.

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, zuriyar tsoffin sarakunan suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maradi. Sun zo da tsarinsu: duk ɗan sarki yana iya neman sarauta, amma zaɓe yana hannun rukuni huɗu, wato Ƙaura, Galadima, 'Yandaka da Durɓi.

Amfanin wannan ya fito a 1836, lokacin da Sarki Rauda ya faɗi a yaƙin Gawakuke. Ƙasar da ke bakin daga ba za ta jira yaro ya girma ba, sai aka naɗa Ɗan Mari, wanda zai iya riƙe takobi.

Amma tsarin yana da rami. Bayan doguwar sarautar Ɗan Baskore, wadda ta ƙare wajen 1875, 'yan sarki suka yi yawa, kowa da magoya bayansa. Ƙaura Hasau, shugaban yaƙi, ya fi ƙarfin waɗanda yake naɗawa, har Sarki Mijinyawa ya bar Maradi ya koma Tasawa a shekarun 1890. Gida ɗaya ya rabu biyu.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A tsohuwar Ailan, can yammacin Turai, duk namijin da ya haɗa kakan uba da gidan sarauta yana iya neman gado, sai a zaɓi wanda ya fi cancanta. Su ma sun samu jarumai, sun kuma sha yaƙin 'yan'uwa, kafin kotun Ingila ta soke al'adar a 1608.

Don haka idan yaro ya tambaye ka wa ya gaji wa, ka ƙara masa da tambaya biyu: su wa suka zaɓe shi, kuma wa ke taka wa masu zaɓen burki? Yaron da ya san wannan ba zai ɗauki mulki kayan gadon wani gida ba, ko a fada ko a akwatin ƙuri'a.